Yadda ake kare kwamfutar gida daga ƙwayar cuta da ajiye kwafin fayiloli

Idan aka ce a kare kwamfuta, abin da ke fara zuwa ran yawancin mutane shi ne wace manhajar riga-kafi za su saka. Ni kuwa da kwafi nake farawa, riga-kafin ya biyo baya. Ranar da na yi asarar da ta fi yi min ciwo, ba ƙwayar cuta ce ta jawo min ba. Faifan ajiyar kwamfutata ne ya fara wani ƙas-ƙas da safe, kafin yamma ya daina tashi gaba ɗaya. Manhajar riga-kafin da ke ciki lafiyarta ƙalau, har daren da ya gabata koren tambarinta na nuna min babu matsala. Hotunan shekara huɗu da rubuce-rubucen da ban taɓa kwafe su ko'ina ba, haka suka tafi.

Kwamfuta ana sake sayen wata, Windows ana sake saka shi cikin awa ɗaya ko biyu. Abin da ba ya dawowa shi ne wanda kai ka samar da hannunka: hotunan iyali, kundin bincikenka, lissafin kasuwancinka, takardun shaida da ka ɗauka. Riga-kafi yana rage haɗari ta fuska ɗaya ne kawai. Kwafi shi ke tsaya maka ko ƙwayar cuta ce, ko sata, ko ruwa ya zube a kan madannai, ko yaro ya goge folda bai sani ba. Bayanin ya fi karkata ga Windows 10 da 11, inda Mac ya bambanta zan faɗa.

Mataki na 1: San abin da ba za ka jure rasawa ba

Buɗe File Explorer, ka shiga faifan C, sai foldar Users, sai wadda ke ɗauke da sunanka. Kusan dukiyarka duk a nan take: Desktop, Documents, Pictures, Videos, da Downloads. Wannan ta ƙarshen ita ake yawan mantawa, alhali mutane da dama a cikinta suke barin muhimman takardu shekara da shekaru. Danna maɓallin dama na maus a kan kowace, ka zaɓi Properties, ka rubuta girmanta. Jimillar ita za ta gaya maka girman ma'ajiyar da kake buƙata.

Sai ka tuna da waɗanda ba sa zama a fili. Kalmomin sirri da adiresoshin da burauzarka ta ajiye. Tsofaffin saƙonnin Outlook da ke cikin fayil mai ƙarewa da .pst. Bayanan manhajar lissafi ko ta zane, waɗanda sau da yawa suna da nasu wurin ajiya daban. Shiga saitin manhajar ka nemo inda take zuba su. Lambobin lasisin manhajojin da ka saya. Manhajojin kansu ba sai ka kwafe su ba, ana sake sauke su.

Mataki na 2: Kwafi uku, iri biyu, ɗaya a nesa

Masu harkar suna kiran wannan ƙa'ida 3-2-1. Kowane fayil mai muhimmanci ya kasance a wuri uku, har da wanda kake aiki da shi. A kan ma'ajiya iri biyu daban-daban. Ɗaya daga ciki kuma ya kasance ba a cikin gidan ba, domin gobara da ɓarawo ba sa bambanta kwamfuta da faifan da ke kusa da ita a kan teburi. A gida, fassarar wannan ita ce: kwamfutar kanta, faifan ajiya na waje, da ma'ajiyar intanet.

Wani zai ce ai ya raba faifansa gida biyu, C da D, yana zuba komai a D. Wannan yana taimakawa ranar da za a sake saka Windows, amma ba kwafi ba ne. Faifai ɗaya ne aka yi wa shamaki a tsakiya. In ya mutu, da C da D tare za su tafi.

Mataki na 3: Faifan waje, da abin da ya sa ake cire shi

Nemi faifan ajiya na waje mai shiga ta USB, wanda girmansa ya kai aƙalla ninki biyu na jimillar da ka rubuta, domin ya samu wurin riƙe tsofaffin kwafi. Na gargajiya mai juyawa ya wadatar ga wannan aiki, sai dai ba ya son faɗuwa ko girgiza yana cikin aiki. SSD, wato faifan zamani marar abin juyawa a ciki, ya fi sauri, ya fi jure buguwa. Filash kuwa na ɗaukar fayil ne daga nan zuwa can, ban yarda a mai da shi ma'ajiyar dindindin ba: yana ɓata, yana mutuwa ba sallama, kuma in an tsara shi da tsarin ajiya na FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4.

Windows na da nasa kayan aiki mai suna File History. Ga yadda ake kunna shi:

1. Jona faifan, ka jira ya bayyana a File Explorer.
2. A wurin bincike na Start rubuta Control Panel, ka buɗe, ka shiga System and Security, sai File History.
3. Danna Select drive a gefen hagu, ka zaɓi faifan naka.
4. Danna Turn on. Kwafin farko zai ɗauki lokaci, ka bar shi ya gama.
5. A Advanced settings za ka ga sau nawa yake kwafa, da tsawon lokacin da yake riƙe tsofaffi. Asalin saitinsa duk awa ɗaya ne, kuma ba ya goge komai.

Amfanin File History shi ne ba sabon kwafi kaɗai yake riƙewa ba. In ka lalata wata takarda ranar Talata, ba ka lura ba sai Juma'a, za ka iya komawa yadda take ranar Litinin. Amma ka kula, manyan foldodin asusunka yake bi. In kana da folda a faifan D, danna maɓallin dama a kanta ka zaɓi Include in library domin ta shiga sahu. A Windows 11 sai ka fara danna Show more options kafin ka ga wannan. Mai Mac shi nasa Time Machine ne: da ya jona sabon faifai, yawanci kwamfutar da kanta za ta tambaye shi ko ta yi amfani da shi.

Wanda ya fi son yi da hannu, babu laifi. Buɗe folda a faifan wajen, ka sa mata kwanan wata kamar 2025-03-14, ka kwafo komai ciki. Copy za ka yi, ba Cut ba. Da yawa suna kwashe hotuna daga kwamfuta su mayar faifan waje don samun wuri, suna ganin sun yi ajiya, alhali har yanzu kwafi ɗaya ne, wurin zama kawai ya sauya.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan mataki: da an gama kwafi, cire faifan ta hanyar Eject, ka zare wayarsa, ka ajiye shi a aljihun teburi. Akwai nau'in ƙwayar cuta mai garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle su da mabuɗin sirri sannan ta nemi kuɗin fansa. Ba faifan C kaɗai take bi ba. Duk ma'ajiyar da kwamfutar ke gani a lokacin sai ta kulle, har da faifan waje da foldodin da aka raba ta hanyar sadarwar gida. Faifan da ke jone dare da rana, tare za a tafi da shi. Wanda ke cikin aljihun teburi babu yadda za ta yi da shi. File History yana riƙe sauye-sauyen wucin gadi a kwamfutar, ya juye su in ka sake jonawa, don haka cirewar ba ta ɓata masa aiki. Ware rana ɗaya a mako, ka sa tunatarwa a wayarka. Mai hali ya mallaki faifai biyu yana musanya su, ɗaya a gida, ɗaya a wurin aiki ko wajen wanda ya amince da shi.

Mataki na 4: Ma'ajiyar intanet

Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma tare da Gmail da Google Photos ake rabawa. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple gigabait 5 kowanne, Dropbox gigabait 2. Ba za su ɗauke bidiyoyi ba, amma takardu da zaɓaɓɓun hotuna za su shiga. Fara da waɗanda in suka ɓata barci zai ƙaurace maka.

A nan akwai tarkon da ya kamata a fahimta. Waɗannan manhajoji madubi ne: abin da ya faru a kwamfutarka shi suke maimaitawa a can. Ka goge fayil a nan, ya goge a can. Ƙwayar cuta ta kulle shi a nan, kullallen ne zai hau ya maye gurbin mai kyau. Abin da ke ceton mutum shi ne kwandon shararsu da tarihin tsofaffin kwafi, kuma waɗannan suna da wa'adi. A Google Drive da OneDrive na mutum ɗaya, abin da aka goge kwana 30 yake yi a kwandon kafin ya tafi. Wanda bai lura ba sai bayan wata biyu ya makara. Shi ya sa ma'ajiyar intanet ba ta maye gurbin faifan waje, kowanne da irin ranar da yake amfani.

Tun da asusun ya zama rumbunka, kunna masa tabbatarwa ta mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da ke zuwa ta waya ko ta manhajar tantancewa. Lambobin ko-ta-kwana da za a ba ka, rubuta su a takarda.

Mataki na 5: Gwada dawo da fayil

Wannan minti biyar ne, amma kusan kowa na tsallake shi. Jona faifan, shiga File History, danna Restore personal files, zaɓi wata takarda, ka dawo da ita wani wuri daban, ka buɗe ta. Buɗe hotuna biyu ko uku kai tsaye daga faifan. Shiga ma'ajiyar intanet ɗinka daga waya ka ga ko fayil ɗin jiya ya hau. Na taɓa ganin wanda ya yi wata takwas yana jona faifai duk mako, ashe tun makon farko aikin ya tsaya saboda harafin da Windows ke kiran faifan da shi, irin su D ko E, ya sauya. Maimaita gwajin duk bayan wata biyu ko uku.

Akwai abubuwa biyu da za ka tanada tun kwamfutar na da lafiya. Na farko mabuɗin BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai. Sabbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma wata rana bayan gyara ko sauyin saiti sai shuɗin allo ya fito yana neman lamba mai alƙaluma 48. In ka shiga Windows da asusun Microsoft, yawanci lambar na can a shafin asusunka, ɓangaren na'urori. Nemo ta yau ka rubuta a takarda. In babu ita, ko mai gyara ba zai iya ciro maka komai daga faifan ba. Na biyu filash ɗin sake saka Windows: sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft, ka ba shi filash marar komai mai aƙalla gigabait 8.

Mataki na 6: Toshe tsagar bango

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace manhaja na da kurakurai, masu kutse na neman su, kamfanoni na toshewa ta hanyar sabuntawa. Microsoft na fitar da nasa gyaran tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata.

A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitoci a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ba ta jira wani ya danna komai ba, da kanta take tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta wata kafa a tsarin raba fayiloli na Windows. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da maganin kafar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ta kama, galibi waɗanda suka yi wata biyu ba su sabunta ba ne, ko masu tsohon Windows da aka daina kula da shi.

Shiga Settings, sai Windows Update (a Windows 10 yana ƙarƙashin Update & Security), danna Check for updates, ka bar shi ya gama, ka sake kunna kwamfutar in ya nema. Gyaran ba ya kankama sai an sake kunnawa, don haka daina ɗage shi mako bayan mako. Burauza ma haka: a Chrome, Edge ko Firefox, shiga ɓangaren About za ta duba da kanta. Manhajar da ka daina amfani da ita, cire ta.

Sannan duba wane Windows kake kai. An daina bai wa Windows 7 gyaran tsaro a Janairun 2020, Windows 8.1 a Janairun 2023, Windows 10 kuma wa'adinsa na yau da kullum ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, sai dai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU. In kwamfutarka ta cika sharuɗɗan Windows 11, ciki har da guntun tsaro na TPM 2.0, ka hau. In ba ta cika ba, kuma aikinka bai wuce burauza da rubutu ba, Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ake sakawa a madadin Windows, za su raya ta kyauta. Babu manhajar riga-kafin da za ta cike gurbin gyaran da aka daina yi.

Mataki na 7: Manhajar riga-kafi, guda ɗaya tak

Windows 10 da 11 na zuwa da Microsoft Defender a ciki, kuma a ganina ya ishi kwamfutar gida. Buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, sai Manage settings, ka tabbatar Real-time protection, Cloud-delivered protection da Tamper Protection duk a kunne suke. Gangara ƙasa ka leƙa Exclusions, wato wuraren da aka ce kada ya bincika. In ka ga folda a nan wadda ba kai ka sa ba, alama ce marar kyau, domin miyagun manhajoji kan sa kansu a wannan jeri. Koma baya ka duba Firewall & network protection, shi ma ya kasance a kunne.

Sabuwar kwamfuta kan zo da wata manhajar riga-kafi ta gwaji. Muddin tana aiki Defender na ja da baya ya bar mata fili, ita kuma in wa'adinta ya ƙare sai ta koma aika maka tallar sabunta rajista. Ko dai ka biya ta ci gaba da aiki, ko ka cire ta gaba ɗaya Defender ya karɓi ragama. Kada ka haɗa biyu masu gadi a lokaci guda; suna karo da juna, kwamfutar ta yi nauyi a banza. Mai bincike na lokaci-lokaci kamar Malwarebytes na kyauta ba ya cikin wannan, ana iya kiransa in ana shakka.

A ƙarƙashin Ransomware protection, wato kariya daga ƙwayar garkuwa da fayiloli, akwai Controlled folder access, wanda ke hana manhajar da ba a sani ba taɓa Documents da Pictures. Yana da amfani, amma yana da naci: wani lokaci zai hana manhajarka ta gaskiya ajiye fayil sai ka ba ta izini da hannu. Mai haƙuri ya kunna.

Mataki na 8: Ƙananan saituna biyu

Buɗe wa kowa a gidan nasa asusun, kuma ya zama Standard, ba Administrator ba. Ana yi a Settings, ɓangaren Accounts. Kai ma ka riƙa aikin yau da kullum da irin wannan, ka bar na shugaba don saka manhaja. Duk abin da aka buɗe a kwamfuta yana aiki ne da ikon wanda ya buɗe shi. In akwatin nan mai tambayar ko ka yarda a yi sauyi ya fito alhali ba ka saka komai ba, No ce amsar.

Na biyu, sa Windows ya riƙa nuna ƙarshen sunan fayil. A File Explorer shiga View, a Windows 11 sai Show, ka sa alama a File name extensions. A shekarar 2000 ƙwayar ILOVEYOU ta bazu a duniya cikin kwanaki ta imel, da fayil mai ƙarewa da .TXT.vbs. Da yake Windows na ɓoye ƙarshen, mutane .TXT kawai suka gani, suka ɗauka wasiƙa ce. Har yau dabarar na ci. Fayil mai suna rasit.pdf.exe ba rasit ba ne. Duk abin da aka turo maka a matsayin hoto ko takarda amma ya ƙare da .exe, .scr, .vbs, .js, .bat ko .lnk, goge shi.

Mataki na 9: Ƙofofin da mu da kanmu muke buɗewa

Mafi yawan cutar da ke shiga kwamfutar gida a yau, mai kwamfutar ne ke yi mata iso. Babbar ƙofa ita ce manhajar sata: Office ko Photoshop ko wasan da aka fasa, da 'yan manhajojin da ke kunna Windows ba lasisi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya raba kyauta, yana da inda yake fanshewa, kuma sau da yawa ta hanyar ɓoye mai satar kalmomin sirri ne a ciki. Irin wannan ba ta rage wa kwamfuta sauri, ba ta nuna alama. Cikin daƙiƙoƙi take kwashe abin da burauza ta ajiye ta aika. Ka lura umarnin farko da ake ba ka shi ne ka kashe riga-kafi kafin ka saka. Duk wanda ya ce ka sallami mai gadi kafin ya shigo, ka san abin da ya kawo shi. LibreOffice na aikin rubutu da lissafi kyauta, GIMP na gyaran hoto, VLC na kunna kusan kowane bidiyo.

Ko manhajar halal ce, daga shafin mai ita ko Microsoft Store za ka sauke. Sakamakon farko a shafin bincike sau da yawa talla ce, kuma an sha samun 'yan damfara na sayen wannan gurbi da shafi mai kama da na gaske. Karanta adireshin harafi bayan harafi. Fayil ɗin da kake shakka, ɗora shi a VirusTotal, inda manhajojin riga-kafi da dama za su duba shi lokaci guda. Amma ban da takardun sirri, domin abin da aka ɗora can masu bincike na iya ganinsa.

Saƙon imel mai gaggawa, wai za a rufe asusunka ko ga takardar biyan kuɗi, kada ka bi mahaɗin da ke ciki. Buɗe burauza ka rubuta adireshin da ka sani da hannunka. Ko daga wanda ka sani saƙon ya fito, in ba ka tsammaci fayil ba, kira shi ka tambaya, wataƙila an kutsa asusunsa ne. Takardar Word ko Excel da ta ce sai ka danna Enable Content kafin ka ga abin da ke ciki, rufe ta.

Shafin da ya cika allo da jan rubutu da ƙara, wai an gano ƙwayoyi a kwamfutarka, ka kira wata lamba, ƙarya ne. Shafin intanet ba ya iya binciken faifanka, Microsoft kuma ba ya sa lambar waya a saƙon gargaɗi. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, ka rufe burauzar daga Task Manager. Akwai kuma sabuwar dabara: shafi ya ce don tabbatar da kai mutum ne, danna maɓallin Windows da R, ka liƙa wani abu, ka danna Enter. Wanda ya bi, da hannunsa ya ba da umarnin sauke cutar.

Saura filash. In ka jona naka a wata kwamfuta ka dawo ka tarar foldodinka sun koma gumaka masu 'yar kibiya a kusurwa, kada ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke tayar da ƙwayar. Fayilolin na nan, ɓoye su aka yi. Fara da bincika filash ɗin da Defender ta maɓallin dama. Sannan nemo Command Prompt a wurin bincike na Start, ka buɗe, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filash ɗinka. Foldodin za su bayyana. Kwashe su, ka yi wa filash ɗin fomatin. Kashe AutoPlay a Settings, kuma filash ɗin da aka tsinta a hanya ba a gwada shi.

Kalmar sirri kuwa, kowane asusu da tasa, doguwa, musamman ta imel, tun da ta nan ake sake saita sauran. Manhajar adana kalmomin sirri kamar Bitwarden ko KeePass za ta ɗauke maka haddar. Na'urar Wi-Fi ta gida ma a sauya kalmar shiga saitinta da ta zo da ita daga kamfani, a sa tsaron WPA2 ko WPA3.

In ta riga ta shiga

Alamun sun haɗa da shafin farko na burauza ya sauya da kansa, tallace-tallace na fitowa ko ba ka buɗe komai ba, fanka na ta gudu alhali ba ka aiki, Defender ya ƙi kunnuwa, ko abokai su ce suna samun saƙon da ba kai ka aika ba. Nauyi kaɗai ba hujja ba ne, sau da yawa cikar faifai ce ko tsufansa.

Fara da yanke intanet: kashe Wi-Fi, zare waya. Kada ka jona faifan ajiyarka, komai ƙaiƙayin son duba ko yana lafiya. A Windows Security shiga Scan options ka zaɓi binciken Offline na Defender. Kwamfutar za ta sake kunnuwa ta yi bincike kafin Windows ya tashi, lokacin da ƙwayar ba ta samu damar ɓuya ba. Yana ɗaukar kimanin minti 15. Bayan nan ka yi Full scan. Daga wata na'ura mai tsabta, ba wannan ba, sauya kalmomin sirri, ka fara da imel da banki, ka kuma zaɓi fitar da asusun daga duk na'urorin da yake buɗe, domin ɓarawon na iya riƙe da shaidar shigarka ko bayan ka sauya kalma.

In ta garkuwa ce, fayiloli sun sauya suna kuma ga takardar neman fansa, ɗauki hoton takardar da waya. Shafin No More Ransom, wanda hukumar 'yan sandan Turai ta Europol da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, na da mabuɗai kyauta na wasu nau'o'in. Ban ba da shawarar biya ba: babu tabbacin za a ba ka mabuɗi. Ko ba a samu magani yau ba, ajiye kullallun fayilolin a wani faifai daban, an sha fitar da mabuɗi bayan shekaru.

In kuwa goge fayil ka yi bisa kuskure kuma ba ya cikin kwandon shara, daina amfani da faifan nan take, domin duk sabon abin da aka rubuta na iya hawa kan gurbinsa. Recuva ko PhotoRec kan dawo da shi daga faifai mai juyawa ko filash. A SSD fatan kaɗan ne, saboda shi yana share gurbin da aka goge da kansa ba da jimawa ba.

Kwamfutar da cuta ta yi wa shiga sosai, ni ba na sake amincewa da ita don kawai bincike ya ce ta fita. Ɗauko filash ɗin nan da ka tanada, ka tayar da kwamfutar daga kansa, ka goge faifan, ka saka Windows sabo. Bar shi ya gama duk sabuntawa, ka tabbatar Defender na aiki, sannan ka jona faifan ajiya. Bincika shi tukuna kafin ka buɗe komai. Dawo da takardu, hotuna da bidiyo kaɗai, daga kwafin da ya girmi ranar da matsalar ta fara. Manhajoji kuwa ka sake sauke kowace daga shafin mai ita.